Ƙwai Dubu Uku na Farko

Wata uku ke nan da aka ɗauke Goggo daga ɗakin masu rubuta manhaja, aka mayar da ita ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge kwalaye. Tebur ɗaya, fanka mai ƙugi, da aikin da kowa ke gudu: rubuta littafin bayani ga masu gyara. Ba a ce an kore ta ba. Ba a korar yayar mai kamfani. Kujera kawai ake canja mata, sannan a riƙa gaishe ta da ladabin da ya fi na da.

Kamfanin na ƙaninta ne. Ma'aikata Oga suke ce masa, ita kuwa har gobe Auta ne a bakinta, duk da furfurar da ta cinye masa gemu. Na'urar ƙyanƙyasar ƙwai suke haɗawa, akwati mai kama da firji, a jera ƙwai a ciki ya riƙe su a zafi ɗaya har kwana ashirin da ɗaya. Ƙarfen da wayoyin aikin Auta ne. Hankalin da ke cikin akwatin kuwa na Goggo ne. Ita ta rubuta shi da harshen kwamfuta mai suna C shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin da duk kamfanin bai wuce su biyu da Mai Dalma ba, tsohon da ke liƙa wayoyi a kan allunan lantarki.

Ƙwai dubu uku ne suka raba ta da kujerarta. A wata gona makunnin hita ya maƙale, zafi ya yi ta hawa, ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka ta yanke wuta ba ta ce uffan ba. Mai gonar ya buɗe akwatinsa da azahar ya tarar ƙwan sun dahu. Fayil ɗin da ke kula da ƙararrawa kuwa sunan Goggo ne a samansa.

Wanda ya yi bayani a taron da aka kira shi ne Dakta, mijin 'yar Auta, da aka ɗauko shekara biyu da suka wuce don ya zamanantar da sashen. Ya tsaya gaban allo, hannu ɗaya a ƙirji.

"Goggo, ba laifinki ba ne," ya ce. "Haka ake rubutu a zamaninku. A ajiye abu ɗaya a fili, kowane fayil yana sa masa hannu. Yanzu duk littafin da kika buɗe zai gaya miki ba a yin haka."

Ta ce a ba ta kwana biyu ta duba. Ta duba fayil ɗinta layi bayan layi, sau huɗu, ba ta ga komai ba. A rana ta uku Dakta ya sanar da cewa ya gano kuskuren, wani jinkiri ne da ta sa ya yi tsawo, ya rage shi, an tura gyara zuwa gonaki duka. Auta ya same ta a bakin ƙofa, bai iya kallon idonta ba.

"Yaya, shekaru ne. Ki ɗan huta."

Da zaginta suka yi, da ta san abin da za ta yi da su. Tausayinta suka ji, a gaban yaran da ita ta koya musu riƙe aiki. Abin da ya fi ci mata rai ma shi ne ta fara yarda. Takan karanta layi ɗaya sau biyu, ta tambayi kanta ko da can ma haka take yi.

Abin da Dakta ya raina ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Manhajar tana rarrabe cikin fayiloli, kamar ɗakunan gida ɗaya, kuma akwai labari ɗaya da ɗakunan ke buƙata: zafin akwatin a wannan daƙiƙar. Goggo ta ware masa gurbi ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura, ta raɗa masa suna zafi_yanzu, ta kafa shi a fayil ɗin awo. Sannan ta rubuta layi guda a wani ɗan fayil mai suna kowa.h, wanda kowane fayil ke kwafewa a farkonsa. Layin ya fara da kalmar extern, wato abin yana nan, amma ba a ɗakinka aka kafa shi ba, kada ka kafa naka. Allo ɗaya ne a bangon tsakar gida. Mai awo ya rubuta, mai ƙararrawa ya karanta. Littattafai suna da gaskiyarsu, allon da kowa ke iya rubutu a kai yakan jawo rikici. Sai dai masu haddace littattafan sukan manta cewa wani labarin dole ne gida ya ji shi daga baki ɗaya.

Ranar wata Talata da safe ta iso babi na shida na littafin bayaninta, inda ake jera lambobin kuskure da ma'anarsu. Lambobin suna cikin kowa.h. Tun da aka canja mata kujera aka rufe mata hanyar shiga fayilolin, don haka ta aika wa Dakta saƙo. Bai yi minti biyar ba ya turo, har da Allah ya ƙara lafiya Goggo a ƙasa.

Ta gyara tabarau. Wannan fayil ba ta buɗe shi ba a kwana biyun da aka ba ta. Me za ta buɗe? Layi arba'in ne, ita ta rubuta su, tana iya karanto su ido rufe. Mutum ba ya karanta abin da ya tabbata ya sani, kuma a nan ne ake yi masa shiga.

Layi na goma sha huɗu ba nata ba ne.

static int zafi_yanzu = 375;

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata yadda aka yi ba, ta ga Dakta kamar tana tsaye a bayansa. Ya ga extern, ya ga tsohon yayi. Ya share, ya kwaso abin gaba ɗaya daga fayil ɗin awo ya dasa shi a nan don ya zama wuri ɗaya, tsaf-tsaf. Da ya zo harhaɗa fayilolin, kwamfuta ta ƙi, ta ce an kafa abu ɗaya sau da yawa. Maimakon ya tsaya ya tambayi dalili, sai ya ɗora kalmar da ke rufe mata baki. Static na nufin wannan na ɗakin nan ne kaɗai. Kwamfuta ta yi shiru, aiki ya wuce. Daga ranar kowane ɗaki ya samu allonsa. Awo da hita da gilashin da ke nuna lamba duk suna fayil ɗaya, don haka babu wanda ya ga canji. Ƙararrawa ita kaɗai ce a ɗakinta, tana kallon allon da babu mai rubutu a kansa, wanda tun farko aka rubuta masa 375, wato talatin da bakwai da rabi. Zafin da ƙwai ke so ke nan. Ko akwatin ya kama da wuta, ita a wurinta lafiya lau ake.

Shayinta bai huce ba ta miƙe ta nufi ɗakin gwaji.

Mai Dalma yana sunkuye a kan wani allo, hayaƙi na tashi a gefen hancinsa.

"Uwar ɗakina, yau kuma an sako ki daga gidan yarin kwalaye?"

"Ara mini akwatin gwaji da abin hura zafin nan naka."

"Kitso za a yi wa na'urar?"

"Kai dai riƙe mini wayar awo, ka bar surutu kafin ka liƙa gemunka."

Ya riƙe. Ta hura. Lambar da ke gilashi ta tashi daga talatin da bakwai, ta wuce arba'in, ta wuce arba'in da biyar. Mai Dalma ya karkata kunne wajen ƙararrawa kamar mai sauraron maras lafiya. A hamsin ya saki wayar yana yarfe yatsu.

"Ba an ce an gyara ba?"

"An ce."

"Ai kullum muna gwada ta kafin akwati ya fita."

"Maɓalli kuke dannawa. Maɓalli kai tsaye yake kaɗa ta, ba ya tambayarta zafi. Wa ya taɓa hura mata wuta tun da surukin Auta ya zo?"

Ta nuna masa layin a takarda. Bai san C ba, amma ya yi shekara goma sha huɗu yana jin ta tana faɗa da na'ura, ya gane.

"To sai a gaya wa Oga."

"Za a gaya masa."

"Tashi mu je, yana ofis."

"Alhamis ta sama."

Ya ajiye ƙarfen liƙinsa a hankali. Alhamis ta sama ce ranar da aka tsara walimar sallamarta, ranar da kuma za a tabbatar da Dakta shugaban sashe. Kowa zai hallara, har dillalan da ke kai akwatunan gonaki.

"Kwana tara ke nan," ya ce. "Akwati sittin da biyu ne a hannun mutane, kuma duk an gaya musu an gyara."

"Makunni sau nawa yake maƙalewa a shekara, duka akwatunan?"

"Sau biyu. Wata shekarar ma sau ɗaya."

"To ka lissafa. Kwana tara, ɗaya cikin ashirin ne."

"Ni lissafina bai kai nan ba. Na dai san ƙwai."

"Idan na shiga ofishin nan yanzu, Auta zai tashi ya rufe ƙofa. Zai tuna 'yarsa. Gobe takarda za ta fita ta ce an ƙara inganta manhaja, shi ke nan. Ni kuma in mutu a matsayin tsohuwar da ta dafa ƙwai dubu uku. A ɗakin taro aka ce shekaru ne. A ɗakin za a janye."

Mai Dalma bai ce ya yarda ba, bai kuma ce zai tona ba. Ya ɗauki ƙarfensa ya koma kan allonsa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Ana yawan cewa riƙe abu a zuci yana cin mai shi. Goggo dai abinci ya fara yi mata ɗanɗano a makon nan, ciwon gwiwarta ma ya lafa. Ta gama babi na shida da na bakwai. Ta tsara abin da za ta yi daki-daki, kamar yadda take tsara manhaja: me zai fara, me zai biyo, ina zai iya zillewa, da me za a tare shi. Dakta ya leƙo ranar Juma'a yana tambaya ko tana son a rubuta cikakken sunanta a allon yabon da za a ba ta, ko Goggo kawai.

"Yadda ka ga ya dace, ɗana. Kai ne ka san na zamani."

Ya yi murmushi, ita ma ta yi.

Ranar Talata, kwana bakwai cif, wajen ƙarfe sha ɗaya, wata mata ta biyo baranda tana duba ƙofofi. Malama ce, tsohuwar shugabar makaranta da ta koma kiwon kaji bayan ta yi ritaya. Goggo ce da kanta ta je ta kafa mata akwatinta na farko, ta zauna ta koya mata lambobin. Ba ta nemi ofishin Oga ba. Ta ja kujerar roba ta zauna a gaban teburin Goggo, ta ɗora jakarta a cinya.

Suka gaisa har ƙarshe, aka tambayi gida da yara. Sannan Malama ta ce, "Ƙwai dubu ɗaya da ɗari biyu, duk sun dahu. Yau kwanansu goma sha takwas."

Goggo ta cire tabarau.

"Jiya na kara ɗaya a kunne, ana jin motsi. Yau da safe ina ɗakin da ke kusa ina guga. Taku ashirin ne tsakanina da akwatin, na ƙirga bayan abin ya faru. Da ƙararrawar ta yi ko tari ne da na ji." Ta gyara zaman jakar. "Da can duk bayan awa ɗaya nake leƙawa. Da aka aiko takarda cewa an gyara, sai na ce to bari in yarda da masu ilimi, in daina wahalar da ƙafata."

"Allah ya mayar da alheri."

"Amin. An ce ke kika rubuta ta, ƙararrawar."

"Ni na rubuta fayil ɗinta."

"Ban zo faɗa ba. So nake in ga fuskar wanda ya yi, don in daina zargin kaina."

Goggo ta bar ta ta kalla. Takardar da ke ɗauke da layi na goma sha huɗu tana cikin aljihun tebur, ƙasa da hannunta na dama. Ba ta jawo ta ba.

Dakta ne ya zo da sauri, an gaya masa. Ya durƙusa ya gaishe da Malama, ya ɗauki jakarta, ya yi mata jagora zuwa ofis. Muryarsa tana dawowa ta baranda, a tausashe, yadda kowa zai ji.

"Tsohon rubutu ne, Malama, an toshe nan ya ɓulle can. Wannan karon share shi za mu yi gaba ɗaya. Ki yi mana haƙuri, ita ma ta yi iya ƙoƙarinta."

Da la'asar Mai Dalma ya tsaya a bakin teburinta. Bai zauna ba.

"Ɗaya cikin ashirin kika ce."

"Na ce."

"To ga ɗayan ya zo da ƙafarsa."

"Saura kwana biyu."

Ya dube ta kamar yadda yake duban allon da ya ƙone, yana neman inda wutar ta fara. Ya tafi. Washegari bai ce uwar ɗakina ba, ina kwana kawai ya ce.

Ranar Alhamis da hantsi aka jera kujeru a ɗakin taro, aka kawo lemo da kek. Dillalai shida sun zo, ma'aikata duka, da Auta a kujerar gaba cikin sabuwar riga. Dakta ya yi jawabi mai kyau. Ya kira ta uwa, ya kira ta tushe, ya ce duk ginin da za a ɗaga sai an tuna da waɗanda suka haƙa rami, ko da za a sake zuba harsashin. Aka tafa. Aka miƙa mata allon yabo, ta karɓa ta ajiye a kan kujera. Aka ce ta ce wani abu.

"Ni ban iya jawabi ba," ta ce. "Na'ura na iya. A shigo mini da akwatin gwaji, in yi sallama da shi."

Aka yi dariya, aka turo shi. Ta fito da abin hura zafi daga jakarta.

"Ɗana, zo ka riƙe mini wayar awo. Hannuna rawa yake yi, ka san shekaru."

Dakta ya zo ya riƙe yana murmushi. Ta kunna.

"Wannan manhajar da ka gyara ce a ciki, ko?"

"Ita ce, Goggo."

"Karanta wa mutane lambar. Idona ba ya gani daga nan."

"Talatin da tara. Arba'in." Ya dubi ƙararrawar. "Arba'in da biyu."

"A nawa ya kamata ta yi kuka?"

"Talatin da tara."

"Ci gaba."

Ya ci gaba har arba'in da takwas. Babu mai tauna kek yanzu. Wani dillali ya miƙe tsaye don ya gani da kyau.

"Wannan shi ne abin da na faɗa," Dakta ya ce, ya saki wayar. "Fayil ɗin ƙararrawar ne. Shi ya sa za mu..."

"Haɗa kwamfutarka da akwatin, ka haska mana a bango. Tambayi fayil ɗin awo inda zafi_yanzu yake zaune a ƙwaƙwalwa, da abin da ke ciki. Sannan ka tambayi nawa fayil ɗin."

Ya kalli Auta. Auta ya ce, "Yi mana."

Lambobi suka fito a bango, layi biyu. Ta sa shi ya karanta su da baki. Adireshi biyu ne daban. Na farko yana ɗauke da ɗari huɗu da sittin da wani abu, yana sauka a hankali. Na biyu ɗari uku da saba'in da biyar, ko motsi.

"Suna ɗaya, gida biyu," ta ce wa dillalan. "Mai awo yana rubutu a wani allo, ƙararrawata tana karanta wani. Ba kurma ba ce. Ƙarya ake yi mata, tun kafin ƙwan farko ya dahu. Ɗana, buɗe kowa.h. Layi na goma sha huɗu."

Ya buɗe.

"Yanzu buɗe tarihin fayil ɗin, inda kwamfuta ke ajiye sunan duk wanda ya taɓa layi da ranar da ya taɓa. Wannan kam ko a zamaninmu muna da shi."

Hannunsa ya tsaya a kan maɓallan. Ta jira. Ta yi wata uku da kwana tara tana jira, minti ɗaya ba zai gagare ta ba. Ya danna. Sunansa ya fito a bango, da kwanan wata, mako biyar kafin ƙwai dubu ukun, da ɗan bayanin da ya rubuta da hannunsa: an tsabtace tsohon tsari.

"Karanta."

"Suna gani, Goggo."

"Na baya ba sa gani."

Ya karanta. Muryarsa ba ta kai ƙarshen ɗakin ba, ta sa ya maimaita.

Sauran aikin bai ɗauki minti uku ba. Ta tsaya a kansa tana faɗa yana bugawa. Ya share static da lambar, ya mayar da extern. Ya koma fayil ɗin awo ya kafa abin a can, sau ɗaya. Ya harhaɗa, ya tura cikin akwati. Wannan karon da kanta ta riƙe wayar da hannu ɗaya, ta hura da ɗayan, kuma babu hannun da ya yi rawa. A talatin da tara ƙararrawa ta tsage ɗakin, fitilar hita ta mutu. Ta bar ta tana kuka fiye da yadda ake buƙata kafin ta kashe.

Auta ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, ita ya kalla, irin kallon da yake yi mata suna yara idan ya yi ɓarna ta rufa masa.

"Yaya," ya ce.

Nan ya kamata a tashi. Amma Dakta ba wawa ba ne, bai taɓa zama wawa ba, gaggawa ce kawai da yarda da littafi. Yana zaune a gaban kwamfutarsa, kansa a ƙasa, sai ya ɗago.

"Goggo, ina da tambaya ɗaya, in kin yarda."

"Yi."

"Yaushe kika gano?"

Ta ajiye abin hura zafin a kan tebur.

"Ranar Talatar makon jiya na turo miki fayil ɗin nan," ya ce, a hankali, da ladabinsa na kullum. "Na Malama kuwa shekaranjiya suka mutu."

Tana iya cewa jiya. Babi na shida dogo ne, wa zai ce ga ranar da idonta ya kai layin? Mutum ɗaya ne ya sani, yana zaune a kujerar ƙarshe yana kallon tabon ƙuna a yatsunsa, kuma ta san ba zai buɗe baki ba. Zai dai ci gaba da ce mata ina kwana har ɗayansu ya mutu.

"Ranar da ka turo," ta ce. "Da safe."

Ta ga Auta yana ƙirgawa, leɓunansa na motsi. Ya kai bakwai ya tsaya.

"Kina zaune da shi a aljihun tebur matar nan ta zo ta zauna a gabanki?"

"Ina zaune da shi."

"Da kin shigo ofishina, Yaya. Taku nawa ne?"

"Da ka rufe ƙofa."

Ya buɗe baki, ya dubi surukinsa, ya dubi dillalan, ya rufe. Bai musa ba.

"Ƙwai dubu uku na farko nasa ne shi kaɗai," ta ce. "Su nake so a sauke daga kaina, a rubuce, a aika wa duk gonar da aka aika wa waccan takardar. Na Malama kuwa mu raba, ni da shi. Ban ce a rage mini ko ɗaya ba."

Auta ya miƙe. Ya ce wa masu gyara kowa ya ɗauki mota, kafin rana ta faɗi yana son akwati sittin da biyun nan su samu gyara, kuma a hura wa kowanne wuta a ji kukansa da kunne. Kujeru suka yi ƙara, ɗakin ya fara watsewa. Mai Dalma ya naɗe wayar abin hura zafinsa ya fita da shi, bai kalli kowa ba.

"Takarda za ta fita," Auta ya ce da ya rage su uku. "Sunansa zai fito. Naki ma zai fito, da kwana taran."

"Ka tabbata an rubuta tara. Kada a tausaya mini a ce bakwai."

Ya fita. Ba ta san ko zai sake ce mata ta huta ba, ko zai sake ce mata wani abu ma a wannan shekarar.

Ta duba cikin ranta ko za ta samu nadama. Ta samu, tana nan, da fuskar Malama da jakarta a cinya. Ta auna ta da ɗayan abin da ke cike da ƙirjinta, daɗin wanke sunanta, ta ga ba ta kai shi nauyi ba tukuna. Wataƙila gobe.

Ta ja kujera ta zauna dab da Dakta, inda take ganin gilashin kwamfutarsa.

"Buɗe sabon shafi, ɗana. Kai za ka rubuta, ina kallo. Fara da ranar da ka taɓa layin."